Sake Ɗura Harsashi: Haɗarinsa da Hukuncinsa a Dokar Nijeriya

Mahaɗar Tina, wadda ke maƙwabtaka da Unguwar Rukuba da Dutse Uku a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wuri ne na hada-hadar jama'a. Akwai masu walda da makanikai da masu sayen tsofaffin ƙarafa, ga kuma yara masu yawon tsince-tsince don su sami ɗan abin sawa a baka. Birnin Jos kuwa ya ɗanɗana ɗacin tashin hankali a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010, har da bom ɗin da ya tashi a Unguwar Rukuba ran jajiberin Kirsimeti na 2010. Duk inda aka yi harbe-harbe, bayan ƙura ta lafa akan bar kwanson harsashi warwatse a ƙasa, wanda ya ga dama ya tsinta.

A wannan zamani na wayar hannu, matasa suna ganin hotunan mutanen Amurka zaune a gidajensu suna sake ɗura irin wannan kwanso, musamman na ƙananan bindigogin nan masu ƙarfi da ake kira magnum. Har wasu kan ɗauka sana'a ce kamar walda ko gyaran babur, wadda mai basira zai koya ya ci abinci. An shirya wannan takarda don a nuna wa jama'a cewa ba haka abin yake ba. Kwanson da aka riga aka harba ya gama aikinsa. Wanda ya sake ɗura shi a Nijeriya ya jefa ransa da na iyalinsa cikin haɗari, ya kuma aikata babban laifi a gaban shari'a.

Mene ne harsashi?

Harsashin zamani abubuwa huɗu ne aka haɗa wuri ɗaya. Na farko shi ne kwanso, wanda galibi da tagulla ake yinsa. Na biyu albarushin da ke cikin kwanson. Na uku ɗan ƙyastun da ke manne a gindinsa, wanda ke ba da tartsatsi idan aka ja kunamar bindiga. Na huɗu shi ne kan harsashin, watau dunƙulen dalmar da ke fita ya sami abin da aka auna. Idan an yi harbi, ukun nan na ƙarshe sun tafi ke nan, sai kwanso kaɗai ya rage. Abin da ake nufi da sake ɗurawa shi ne a mayar wa tsohon kwanso da abubuwan nan uku, a sake harba shi.

Albarushi ma iri biyu ne. Akwai baƙin albarushi na gargajiya, mai hayaƙi, wanda maharba suka sani tun kaka da kakanni. Akwai kuma na zamani marar hayaƙi, wanda wani masanin Faransa mai suna Paul Vieille ya fito da shi a 1884. Na zamanin ya fi na gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ne kuma ke cikin harsashin da ake yi a masana'antu a yau.

Libarbar da ake kira magnum

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, wadda galibi ke da ramuka 6, kowane rami da harsashinsa. Ba ta tofar da kwanso idan an harba, sai ya zauna cikin raminsa har a cire shi da hannu. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu sake ɗura harsashi a Amurka suke sha'awarta.

Kalmar magnum daga harshen Latin take, ma'anarta babba. A 1935 kamfanin Smith & Wesson na Amurka, tare da kamfanin Winchester, suka fito da harsashin .357 Magnum da bindigar da za ta iya ɗaukarsa. Bayan kamar shekara 20 aka fito da .44 Magnum, wanda wani fim na Amurka mai suna Dirty Harry ya yayata sunansa a duniya a 1971. Abin da ya bambanta su da harsashin da aka saba da shi shi ne tsananin matsin iskar da albarushi ke haifarwa a cikin bindiga lokacin harbi. Bisa ma'aunin ƙungiyar masu ƙera makamai ta Amurka, iyakar matsin tsohon harsashin .38 Special laba 17,000 ne a kan kowane inci murabba'i, na .357 Magnum kuwa laba 35,000. In mai karatu ya tuna iskar da ake bugawa a tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce laba 35 ba, zai ga matsin da ke tashi a tafin hannun mai harbi ya ninka na taya sau dubu.

Masu ƙera bindigar sun san wannan haɗari tun farko. Shi ya sa suka ƙara wa kwanson .357 Magnum tsawo kaɗan a kan na .38 Special, ko da yake kaurinsu ɗaya ne, don kada ya shiga ramin tsohuwar bindigar da ba za ta iya jure ƙarfinsa ba. Elmer Keith ma, Ba'amurken da gwaje-gwajensa suka share fagen harsashin magnum, sai da wata libarba ta taɓa fashewa a hannunsa saboda ɗurin da ya wuce kima. In haka ta sami gwanin gwanaye, ina ga ɗan koyo?

Abin da hotunan waya ba su nunawa

A Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗura harsashi don amfanin kansa, amma ba ta yarda ya mai da shi sana'ar sayarwa ba sai da lasin. Masu wannan sha'awa a can suna dogara ne da abubuwan da aka gwada a ɗakunan bincike masu na'urorin auna matsi, da sikeli mai tantance nauyin da bai kai na ƙwayar gero ba. Duk da haka, kamfanonin ƙera bindiga da yawa sun rubuta ƙarara cewa babu ruwansu da duk bindigar da ta lalace ta dalilin harsashin da aka ɗura a gida. Watau ko a ƙasar da doka ta halatta, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Dokar Amurka kuwa ba ta aiki a Jos, ba ta kuma kare kowa a gaban alƙalin Nijeriya.

Ire-iren haɗarin

Haɗari na farko shi ne albarushi ya yi yawa. Ido ba ya iya bambanta ɗurin da bindiga za ta jure da wanda zai tarwatsa ta. In ganga ta fashe, ɓaraguzan ƙarfe kan yi gefe ne da baya, su sami yatsun mai harbi da idanunsa da duk wanda ke tsaye kusa da shi.

Na biyu shi ne albarushi ya yi kaɗan. A nan kan harsashi yakan maƙale a cikin bututun bindiga ba tare da mai harbi ya sani ba, harbi na gaba kuma ya iske hanya a toshe, bututun ya tsage.

Na uku, tsohon kwanso ba shi da tabbas. Duk harbin da aka yi da shi yana miƙar da tagullar yana raunana ta, wanda ya kwana cikin ruwan sama da laka kuwa ya riga ya ci.

Na huɗu, zuba albarushin zamani cikin bindigar toka. Yawancin bindigogin da ake ƙerawa a ƙauye da bututun ruwa ake yinsu, ko da sandar sitiyarin mota, ƙarfen da ba a yi shi don ɗaukar irin wannan matsi ba. Irin wannan bindiga ba ta zaɓar wanda za ta ci, sau da yawa mai ita take fara ci.

Na biyar, gobara. Albarushin da aka ɓoye a ɗaki yana kwana ne tare da risho da kyandir da wayar lantarki da yara masu wasa da ashana. A unguwa mai cunkoson gidaje irin ta kewayen mahaɗar Tina, wutar da ta tashi a ɗaki ɗaya ba ta tsayawa a nan. 'Yan Nijeriya ba su manta da 27 ga Janairu, 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta yi bindiga, mutane fiye da 1,000 suka halaka, yawancinsu garin gudu.

Na shida, gubar dalma. Mai narka dalma a tsakar gida yana shaƙar hayaƙinta, ƙurarta kuma tana sauka a ƙasa da kwanukan abinci. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, ba ta kuma nuna alama da wuri. A 2010 ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara.

Abin da doka ta ce

Dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959. Ta raba bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda suka haɗa da igwa da gurnet da mashin-gan da bindigogin soja, har da kowace irin libarba da fistol. Ba mai ikon ba da lasin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Ke nan libarbar magnum tana sahu ɗaya da bindigar yaƙi a idon doka. Kashi na biyu su ne irin bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, watau bindigar toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Dokar ta hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da zaune tsaye da ƙarfi cikin shekara 5 da suka gabata. Ta hana kowa riƙe harsashi sai in yana da lasin bindigar da harsashin ya dace da ita. A fassarar dokar kuma, kalmar harsashi ta haɗa da kowane ɓangare da ake haɗa harsashin da shi.

Mafi muhimmanci, dokar ta hana ƙera bindiga ko harsashi, ko harhaɗa su, ko gyara su, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati, ko ta soja, ko da izini na musamman. Mai sake ɗura kwanso harhaɗa harsashi yake yi, ko guda ɗaya ne. Hukuncin wannan laifi, da na riƙe haramtacciyar bindiga, ɗauri ne wanda bai gaza shekara 10 ba. Har ila yau, Dokar Fashi da Bindigogi ta 1984 ta tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Ƙera harsashi aikin hukuma ne. Don haka aka kafa Hukumar Masana'antun Tsaro ta Nijeriya a Kaduna a 1964. Nijeriya tana kuma cikin yarjejeniyar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a 2006 don hana yaɗuwar ƙananan makamai da harsasai. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Maharba da 'yan bindigar sarki

Doka ba ta zo don ta kashe farauta ba, ko ta hana 'yan bindiga ƙawata hawan salla. Abin da take bukata shi ne maharbi ya yi rajistar bindigarsa, ya sabunta lasinsa, ya adana ta inda yaro ba zai kai ba, kada kuma ya ba da aronta. Maƙerin da ke son gyaran bindigar toka shi ma tilas ya nemi izinin 'yan sanda tukuna.

Akwai masu cewa tsadar harsashi da rashin tsaro ne ke sa mutum ya nemi na hannu don kare gidansa. Tsoron gaskiya ne, ba a musu. Amma harsashin da aka ɗura a ɓoye ba shi da lamba, ba shi da rajista, ba a kuma san hannun da zai faɗa ba. Jami'an tsaro sun sha gano maƙerun bindigogi na ɓoye a sassan Jihar Filato, abin da ke fita daga cikinsu kuwa kan ƙare ne a hannun 'yan fashi da masu satar mutane. Wanda ya sayar da shi yau, ba mamaki gobe a ƙofar gidansa za a harba shi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Abin da ake bukata daga jama'a

Wanda ya ga harsashi a ƙasa, ko kwanso, ko wani ƙarfen da bai gane ba, kada ya taɓa, kada ya buga shi, kada ya jefa shi wuta. Ya kori yara daga wurin, ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa su daina karɓar kwanson harsashi daga hannun yara, domin sayen da ake yi shi ke ƙara tura su nema.

Masu walda da maƙera su ƙi duk aikin da aka kawo musu na bututu ko ƙarfen da suka ga alamar na bindiga ne, komai yawan kuɗin da aka yi musu tayi.

Masu gidajen haya su san abin da ake yi a ɗakunan da suka bayar. Iyaye kuma su lura da abin da 'ya'yansu ke kallo a waya da abin da suke shigowa da shi gida.

Wanda ya gaji bindiga ko harsashi daga mamaci ya sani lasin ba a gadonsa. Sai ya kai rahoto ga 'yan sanda don a yi abin da doka ta tanada.

Ana roƙon limamai da fastoci da masu unguwanni da shugabannin matasa su karanta wa jama'arsu wannan bayani, wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba. Rigakafi ya fi magani.