Rana, Tabon Fuska da Haɗin "Khalɗa": Mu Yi Hattara

 Duk wanda ya tashi a Makka ba sai an ba shi labarin rana ba. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Mu kuwa da muka girma tsakanin Shara Mansur da Misfala, a cikinta muke yawo kullum, muna cewa ai baƙar fata ba ruwanta da rana. Wallahi da ruwanta.

Da na dawo hutu daga jami'a, na tarar da wata 'yar uwata kumatunta sun yi baƙi ƙirin. Da fari ɗan tabo ne. Sai wata ta sayar mata da haɗin mai, wanda muke kira khalɗa, babu suna babu takarda. Sati uku fuska ta yi fes. Tana dainawa tabon ya dawo, ya ninka.

To me ke faruwa? Hasken rana yana sa fata ta ƙara fitar da melanin, sinadarin da ke ba ta launi. Idan ya taru wuri ɗaya, shi ne tabon. Akwai kuma wanda Larabawa ke kira kalaf, ya fi kama mata, musamman lokacin juna biyu. Mu masu duhun fata, ko ƙurji ne ya warke yakan bar shaida, rana kuma ta ƙara masa baƙi.

Irin wannan khalɗa sau da yawa akwai kotizon mai ƙarfi ko makuri a ciki. Kotizon na sa fata ta yi siriri, makuri kuma na taɓa ƙoda. Shi ya sa a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Mafita? Na farko, man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, kowace safiya, a sake shafawa bayan awa 2 in ana waje. A riƙe lema, a rage fita daga hantsi zuwa la'asar. Na biyu, a je wurin likitan fata. Yakan rubuta azelaic acid, ko tretinoin, ko hydroquinone na 'yan watanni kawai, don daɗewa a kansa na jawo wani baƙin da ya fi na farko taurin kai. Mai ciki ba ta shafa tretinoin. Leza kuwa sai a hannun wanda ya san baƙar fata, in ba haka ba ta ƙona. Lemon tsami a fuska sannan a shiga rana? Kada ma a fara.

Sai haƙuri, don aikin watanni ne. Amma tabon da ke girma, ko canza launi, ko zubar da jini, ko da a tafin ƙafa ne ko ƙarƙashin farce, a kai wa likita nan take. Kansar fatar da ta kashe Bob Marley a 1981 daga yatsan ƙafa ta fara.

Tabon muke so ya tafi, ba launin da muka gada ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.