Na'urar Sarrafa Motsin Inji a Masana'antu: Yadda Take Aiki da Matsalar Raɗa Mata Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a shekarar 1990, manazarta Hausa suka ƙara samun ƙwarin gwiwa a kan cewa babu fannin ilimin da ya fi ƙarfin wannan harshe. Sai dai kuma akasarin ƙoƙarin da aka yi ya tsaya ne a kan nahawu da adabi da dokoki da kimiyyar ƙananan makarantu. Fasahar masana'antu kuwa an bar wa makanikai da masu gyaran wuta, su ari abin da kunnensu ya ji, su furta shi yadda harshensu ya ba su dama.

Wannan maƙala ta ɗauki na'ura guda ɗaya, wadda ake kira servo drive da Ingilishi, domin ta bayyana yadda take aiki, sannan ta auna sunayen da za su iya dacewa da ita a Hausa. Ra'ayin da za a kare shi ne, ba a raɗa wa na'ura suna mai ɗorewa sai an gane aikin da ya raba ta da 'yan uwanta. A wannan na'ura, aikin shi ne sauraron rahoto: tana ba inji umarni, ta duba abin da ya aikata, ta gyara nan take.

2.0 Inji Iri Biyu

Injin lantarki na gama-gari, irin wanda ke juya famfon ruwa ko injin niƙa, bin wutar da aka ba shi kawai yake yi. Wutar da ake rarrabawa a Nijeriya tana kai-komo sau 50 a kowane sakan. Saboda haka injin da aka fi samu a masana'antu yakan yi juyi kimanin 1450 a minti, ƙasa kaɗan da 1500 da lissafi ya nuna. Idan kaya suka yi masa nauyi gudunsa ya ragu, kuma babu abin da zai sanar da shi. Idan aka yanke wuta ya ci gaba da gangarawa har ya tsaya inda ya ga dama.

Irin wannan inji ya wadatar wajen jan ruwa da niƙan hatsi. Amma akwai ayyukan da ba za su yiwu da shi ba. Injin da ke fafe ƙarfe bisa umarnin kwamfuta dole ne ya kai wuƙarsa daidai wurin da aka ce, ya tsaya cak. Haka injin da ke yanka ledar ƙunshe kaya a kan layin da aka buga, da hannun mutum-mutumi mai walda a masana'antar haɗa motoci, da injin ɗab'i wanda ke ɗora launi huɗu a kan juna ba tare da ɗaya ya goce ba. Misalin da ya fi kusa da jama'a shi ne keken ɗinki na masana'antu. Tsohon samfuri yana da injin da ke gudu yana ƙugi ko da tela bai taka ba. Sabon samfuri kuwa shiru yake sai an taka, ana iya sa shi ya yi ɗinki ɗaya-ɗaya a hankali, kuma idan an haɗa masa ma'auni yakan tsai da allura a sama ko a ƙasa yadda aka zaɓa. Abin da ya kawo wannan bambanci shi ne na'urar da ake magana a kanta.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Dabarar ta girmi injin lantarki na masana'antu. A shekarar 1788 James Watt ya ɗora wa injinsa mai aiki da tururi wasu dunƙulen ƙarfe biyu masu juyawa, waɗanda ke buɗewa idan gudu ya yi yawa, su rage tururin da ke shiga. Sunan wannan abu a Ingilishi shi ne kalmar da Hausa ta ara ta zama gwamna, kuma asalinta kalmar Girkanci ce mai nufin matuƙin jirgin ruwa. A shekarar 1868 James Clerk Maxwell ya yi bayanin lissafin da ke sa irin wannan na'ura ta natsu ko ta yi ta rawa.

Kalmar servo ita kanta daga Faransa ta fito. Injiniya Joseph Farcot, wanda ya ƙera na'urorin juya manyan jiragen ruwa, shi ya yi amfani da ita a sunan littafinsa na shekarar 1873. Ya samo ta ne daga kalmar Latin mai ma'anar bawa, domin injin yana kwaikwayon motsin hannun mai shi. A shekarar 1922 Nicolas Minorsky ya lura da yadda ƙwararren matuƙi ke riƙe jirgi a kan hanya, ya mayar da abin lissafi. A shekarar 1952 aka nuna injin fafe ƙarfe mai bin umarnin lambobi a cibiyar fasaha ta Massachusetts da ke Amurka. A shekarun 1980 kuma aka sami abubuwa biyu da suka ba na'urar siffarta ta yau: maganaɗisu mai ƙarfi na sinadarin neodymium, da taransista mai iya ɗaukar wuta mai yawa tana kunnawa da kashewa cikin sauri. Daga cikin kamfanonin da suka yi fice a wannan sana'a akwai Fanuc da Yaskawa na Japan da Siemens na Jamus.

4.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Tsarin yana da sassa uku: injin da ke juyawa, da ma'aunin da ke manne a bayansa, da akwatin da ke tsakanin injin da kwamfutar masana'anta. Wannan akwati shi ne ainihin abin da ake nema wa suna.

4.1 Sarrafa wuta

Akwatin ba ya miƙa wa inji wutar layi yadda ta zo. Da farko yakan mayar da wuta mai kai-komo ta zama mai bin hanya ɗaya, ya tara ta a cikin kafasita. Daga nan sai taransistoci shida su riƙa yanka wannan wuta gunduwa-gunduwa, sau dubbai a sakan, suna aika ta ga naɗin waya uku da ke cikin injin. Ta hanyar tsawaita gunduwar ko gajarta ta, akwatin yana ƙirƙirar wuta mai irin ƙarfi da saurin da yake bukata a wannan lokaci. Idan kuma ana son inji ya tsaya da sauri, nauyin kayan da yake ja yakan mayar da shi tamkar janareta, wuta ta dawo cikin akwatin. Sai a ƙone rarar ta zama zafi a jikin wani ƙarfe da aka tanada, ko a mayar da ita kan layi.

4.2 Ma'aunin juyi

A bayan injin akwai faifai mai ɗauke da zane-zane ƙanana, wanda ake karantawa da haske ko da maganaɗisu. Aikinsa shi ne faɗin inda sandar injin take a kowane lokaci. Akwai ma'aunin da ke raba juyi ɗaya gida 131,072, akwai kuma mai raba shi gida 16,777,216. Idan aka ɗauki na farkon, aka haɗa injin da dogon kusa mai gwale-gwale wanda ke tura teburin aiki milimita 10 a kowane juyi, to gida ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba. Ƙarfe da zafi da lalacewar haƙora sukan rage wannan daidaito a aikace, amma lissafin ya nuna irin kaifin idon na'urar.

4.3 Zagaye uku

Kwamfuta takan faɗi inda ake son sanda ta kasance, ma'auni ya faɗi inda take. Akwatin ya ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne tazara, kuma dukkan aikin na'urar shi ne cike wannan tazara. Ana yin haka a zagaye uku, ɗaya cikin ɗaya. Na waje yana duba matsayi, ya yanke irin gudun da ake bukata. Na tsakiya yana duba gudu, ya yanke irin ƙarfin murɗawar da ake bukata. Na ciki yana duba wutar da ke kwarara cikin naɗin waya, domin ita ke haifar da ƙarfin murɗawa. Na cikin nan shi ya fi sauri, yakan maimaita lissafinsa sau dubbai a sakan.

Abin da Minorsky ya gani a wurin matuƙi shi ake bi har yau. Ana duba girman tazarar a yanzu, da tarin 'yar tazarar da ta daɗe ba ta gushe ba, da saurin da tazarar ke ƙaruwa ko raguwa. Saita nauyin da za a ba kowane ɗaya shi ne gwanintar ma'aikaci. Idan gyara ya yi sanyi, inji ya yi nawa. Idan ya yi zafi, inji ya zarce inda aka nufa, ya dawo, ya sake zarcewa, har ya kama karkarwa da kuka.

5.0 Matsalar Suna

Hanyoyin da Hausa ta saba bi wajen samar da sabuwar kalma sun haɗa da aro da fassara da faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. Za a gwada kowace.

5.1 Aro

Hausa ba ta da sautin /v/, takan musanya shi da /b/, kamar yadda ake gani a direba da talabijin da bidiyo. Haka kuma /r/ da ke gaban baƙi ba ta fita a Ingilishin Ingila, shi ya sa aka sami sabis. Idan aka bi wannan ƙa'ida, servo za ta zama sabo. A nan sai a yi karo da sabo kishiyar tsoho, da sabo na shaƙuwa, waɗanda karin sauti kaɗai ya raba su, alhali daidaitaccen rubutu ba ya nuna karin sauti. Mai karanta takardar oda zai ga an rubuta "sabon sabo". Ana iya tsira da /r/ a ce sarbo, amma kalmar ba ta gaya wa ɗalibi komai game da aikin. Sauran kalmomin biyu ma an riga an mamaye gurabensu: mota ta zama sunan abin hawa, direba kuma mutum ne.

5.2 Fassara

Fassarar kai tsaye za ta ba da "inji bawa". Ban da nauyin da kalmar ke ɗauke da shi a tarihin al'umma, ta tsaya ne a kan biyayya kawai, alhali kowane inji yana biyayya idan an kunna shi. Ta bar rahoton da ke dawowa, wanda shi ne ruhin abin. "Na'urar tuƙi" kuwa za a ɗauke ta a matsayin sitiyari.

5.3 Faɗaɗa ma'ana

Kalmar da ta fi cancanta ita ce linzami, wadda Hausa ta ara daga Larabci tun da daɗewa har ta zama 'yar gida. Mahayi yana juya doki da linzami, ya rage masa gudu, ya tsai da shi, kuma ta wannan hanya ce hannunsa ke jin ko dokin ya bi ko ya turje. Ke nan saƙo yana tafiya ta fuska biyu. Bugu da ƙari, kafofin watsa labarai sun riga sun kai kalmar fagen fasaha a cikin "makami mai linzami", wato makamin da ke gyara hanyarsa yana cikin tafiya, kuma irin wannan dabara ce ke motsa fikafikansa. Akala ma ta zo kusa, sai dai ita ja ce daga gaba, kuma ma'anarta ta karkata ga shugabanci.

Bisa ga haka ana ba da shawarar waɗannan: inji mai linzami ga injin da ke juyawa; linzamin inji ga akwatin; ma'aunin juyi ga faifan da ke bayansa; dawowar rahoto ga saƙon da ma'auni ke aikowa; rufaffen zagaye ga tsarin da ke sauraron rahoto, buɗaɗɗen zagaye ga wanda ba ya saurare. An guji "koma-baya" domin ta riga ta zama kishiyar ci gaba. An kuma fifita tazara a kan kuskure, saboda kuskure yana nuna laifi, ita kuwa tazara kullum tana nan yayin motsi, da ita na'urar ke aiki.

6.0 Kammalawa

Wannan batu ya wuce ado na harshe. Kafasitar da aka ambata takan riƙe wuta mai iya kisa na wasu mintoci bayan an kashe na'ura, kuma inji mai linzami da ya yi shiru yana iya kasancewa a kunne, yana riƙe da matsayinsa, ya zabura da zarar umarni ya iso. Yaron shago da ya koyi aiki da Hausa yana da haƙƙin a yi masa wannan gargaɗi da kalmomin da zai gane dalilinsu. Wanda aka ce masa dokin yana tsaye ne amma linzami na bakinsa, ya san ba a sa hannu.

Kalmomin da aka kawo shawara ce, kuma ba za su zauna ba sai malaman kwalejojin fasaha da masu gyaran injuna sun gwada su a bakin aiki. Ya kamata kuma manazarta Yarabanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunan ƙasa su duba abin da al'adunsu suka tanada na riƙe abu mai ƙarfi da jin motsinsa a hannu, domin daga nan ne sunan da ya dace zai fito.