Ƙanƙarar Tekun Aktik da Hazon Birnin Beijin

A ranar 12 ga Janairun 2013, ma'aunin iska da ke ofishin jakadancin Amurka a birnin Beijin na ƙasar Sin ya nuna cewa ƙwayoyin hayaƙin nan ƙanana ainun, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da PM2.5, masu ratsa huhu har su tarar da jini, sun haura maikirogiram 800 a cikin kowane mita kubik na iska, alhali kuwa haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka a wancan zamani bai wuce 25 a matsakaicin yini ba. Aka soke tashin jiragen sama, asibitoci suka cika da yara da tsofaffi masu tari da sarƙewar numfashi, hazo kuma ya lulluɓe gabashin ƙasar galibin kwanakin wannan wata. Abin da ya ɗaure wa malamai kai shi ne, masana'antu da gidajen wuta ba su yi wani ƙarin hayaƙi na ba-zata ba a watan, kwal ɗin da aka ƙona bara kusan shi aka ƙona bana, amma duk da haka musibar ta zarce abin da aka saba gani nesa ba kusa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka hazon nan irin namu ne na hunturu. Namu ƙura ce wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, saboda haka ƙarfin iska ke kawo mana shi. Nasu kuwa hayaƙi ne na gida, wanda iska ke kwashe musu, saboda haka rashin iska ke jawo musu shi. Ƙasar Sin ita kaɗai tana ƙona wajen rabin kwal ɗin da duniya ke ƙonawa, lardin Hebei mai kewaye da Beijin cike yake da masana'antun ƙarfe, kuma daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris akan hura manyan tukwanen ɗumama gidaje a biranen arewa. Sa'an nan ga duwatsun Taihang daga yamma, ga na Yan daga arewa, sun tokare birnin, ta yadda in iskar kudu mai rauni ta koro hayaƙin Hebei, sai ya taru a gindin duwatsu ya rasa mafita, iska mai ɗumi kuma ta hau bisa mai sanyi ta danne ta, ba dama ya tashi sama.

Malaman usulu sun rarrabe tsakanin sababi da sharaɗi, kuma wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai a wannan mas'ala. Sababin hazo shi ne hayaƙi. Kwanciyar iska kuwa sharaɗi ce, watau abin da in babu shi hazo ba zai tabbata ba, amma samuwarsa ita kaɗai ba ta wajabta hazo. Abin da ke rushe wannan sharaɗi a kowace shekara shi ne iskar Siberiya, domin da sanyi akan sami wani tarin iska mai nauyi da tsananin sanyi a bisa Siberiya da Mongoliya, wanda kan kwararo daga arewa maso yamma lokaci bayan lokaci, ya share sararin Beijin cikin dare ɗaya, mutane su wayi gari su ga sama shuɗiya. A Janairun 2013 wannan mai shara ne ya yi nawa.

To, a nan ne zance ya kai ga ƙanƙara, wadda ke nesa da Beijin da dubban kilomitoci. Tekun Aktik, wanda ke can ƙuryar arewacin duniya, yakan daskare da sanyi, ya narke sashe da bazara, har ƙanƙararsa ta kai maƙurar ƙaranci a watan Satumba. Tun 1979 ake auna faɗinta da taurarin ɗan'adam, kuma an tabbatar faɗinta na watan Satumba yana raguwa da fiye da kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma. A Satumban 2012, watau wata huɗu kafin hazon da muka ambata, ta ragu zuwa wajen murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙarancin da aka taɓa aunawa, kusan rabin abin da akan samu a shekarun farko na awon. A wannan kaka kuma sai dusar ƙanƙara ta zuba da yawa a Siberiya.

Yadda ake zaton abu biyun nan sun haɗu kuwa shi ne kamar haka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana da farar riga, ya kuma tsaya da baƙa, ya san bambancinsu. Ƙanƙara fara ce, tana mayar da galibin hasken rana sama, ruwan teku kuwa mai duhu ne, yana shanye kusan dukansa. Idan ƙanƙara ta janye, sai ruwan da ta bari a buɗe ya yi ta tara zafi tsawon bazara, kaka na zuwa ya sake shi cikin sararin sama tare da tururi, tururin ya sauka dusar ƙanƙara a bisa Siberiya, zafin kuma ya rage ratar da ke tsakanin sanyin arewa da ɗumin kudu. Iska kuwa ba ta kaɗawa face saboda rata, daga inda ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi, don haka duk abin da ya taɓa wannan rata ya taɓa ƙarfin iska da alƙiblarta.

Wang Huijun, ɗaya daga cikin manyan masanan yanayi na ƙasar Sin, ya nuna tare da abokan aikinsa a 2015 cewa shekarun da ƙanƙara ta yi ƙaranci da kaka su ne galibi shekarun da kwanakin hazo suka yawaita da sanyi a gabashin ƙasar. A Maris 2017 kuma Yufei Zou da Yuhang Wang na Kwalejin Fasaha ta Jojiya a Amurka suka buga nasu bincike a mujallar Science Advances, inda suka bi bayanan yanayi na shekara 35, suka iske cewa a duk tsawonsu ba a yi sanyin da iska ta kasa kwashe hayaƙi kamar na 2013 ba, sa'an nan suka gwada a kwamfuta, suka ga cewa in an rage ƙanƙarar teku aka ƙara dusar Siberiya, hanyar iskar sanyi takan karkata gabas, wajen Koriya da Japan, ta bar filayen gabashin Sin a kwance.

Wannan hujja ce mai nauyi, amma a ganina matsayinta zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba, kuma malamai ba su yi ijma'i a kansa ba. Shekara arba'in da 'yan kai na awo kaɗan ne ga al'amarin da ke sauyawa kowace shekara saboda dalilai barkatai, ciki har da zafin Tekun Fasifik. Akwai kuma wani ishkali mafi zurfi, wanda Russell Blackport da James Screen na Jami'ar Eksita a Ingila suka tayar a 2019, ko da yake su a kan tsananin sanyin nahiyoyi suka yi magana, ba a kan hazo ba. Suka ce ganin abu biyu suna tafiya tare ba ya nuna ɗayansu ne ya haifi ɗayan, domin yana yiwuwa wani sauyin iska guda ne ya tura ɗumi ya narkar da ƙanƙara, shi ne kuma ya jirkita yanayin ƙasashen da ke kudu, ya zama su biyun 'ya'yan uba ɗaya ne. Gwaje-gwajen kwamfuta masu yawa da aka haɗa daga baya sun nuna tasirin ƙanƙarar a kan iskar nahiyoyi yana nan, sai dai mai rauni ne, sauye-sauyen shekara da shekara na iya rufe shi.

Hukumar ƙasar Sin dai ba ta jira an warware saɓanin ba, ta kama sababin da ke hannunta. A Satumban 2013 ta fitar da shirin yaƙi da gurɓatar iska, aka rufe gidajen wutar kwal na cikin Beijin ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da miliyoyin gidaje ga iskar gas da lantarki, ko da yake an yi garaje a sanyin 2017 har wasu ƙauyukan Hebei suka kwana cikin sanyi babu kwal babu gas. Matsakaicin PM2.5 na shekara a Beijin ya sauko daga wajen 90 a 2013 zuwa 58 a 2017, sa'an nan 33 a 2021, alhali ƙanƙarar Aktik ba ta komo yadda take dā ba. Amma a watan Fabrairun 2020, sa'ad da annobar korona ta kulle mutane a gida, tituna suka zama wayam babu motoci, iska ta sake kwanciya da laima a bisa Beijin, hayaƙin gidajen wuta da tukwanen ɗumama da ba a kashe ba ya taru, birnin ya sake shiga hazo mai tsanani na kwanaki.