Me Ake Nufi Da Bam "Haɗin Gida"?

Daga Wakilinmu

Duk mai sauraron labarai ko karanta takardun hukuma ya sha cin karo da haruffan nan uku na Turanci, watau IED. Cikakken sunan shi ne Improvised Explosive Device, ma'ana abin fashewa wanda ba masana'antar makamai ce ta ƙera shi ba, wani ne ya harhaɗa shi a ɓoye.

Sojojin Ingila ne suka soma yawan amfani da wannan suna cikin shekarun 1970, sa'ad da suke fama da ƙungiyar IRA a Ailan ta Arewa. Amma bai game duniya ba sai bayan da Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003. Mu kuwa a Nijeriya mun san shi ne da hawaye: harin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Abuja a 2011, da na Kano a 2012, da na tashar motar Nyanya a 2014.

To, a wajen fassara ne bakin masu aikin jarida ya rabu. Wasu su ce "bam haɗin gida", wasu "ƙirar gida", wasu kuma "nakiya". A kunnen Bahaushe, "haɗin gida" na tuna masa sabulu ko man shafawa, watau abin da bai kai na kanti ba, alhali kuwa irin wannan bam yakan rushe bene. Ita kuma "nakiya", ban da abincin biki na shinkafa da zuma, an fi saninta da abin fasa dutse, ko makamin da ake binnewa a ƙasa.

Wannan bambanci ba na malaman harshe kaɗai ba ne. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997, wadda Nijeriya ta shiga a 2001, ta haramta nakiyar da ke tashi idan mutum ya taka ta, ta kuma ɗora wa kowace ƙasa nauyin share irinta daga yankinta. Bam ɗin da aka binne a gona ko a hanyar rafi a Borno, Yobe ko Adamawa, muddin taku ne ke tayar da shi, nakiya ne a idon wannan doka, ko da a daji aka haɗa shi.

Saboda haka ya kamata ma'aikaci mai rubuta rahoto, da ɗalibi mai koyon fassara, su riƙa tantancewa: na mota ne, na jiki ne, ko binnanne? Rahoton da ya ce "bam" kurum bai gaya wa hukuma cewa akwai gonar da manomi ba zai iya shiga ba.