Littafin Farko: A Biya a Buga, ko a Jira Kamfani?

A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa, babu ko ɗaya cikin waɗanda suka yi nasara da ya cire anini daga aljihunsa don a buga masa littafi. Abubakar Imam ya miƙa Ruwan Bagaja, Bello Kagara ya miƙa Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙa Shaihu Umar. Hukuma ta duba, ta gyara, ta buga, ta kai makarantu. Haka aka ci gaba ta hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sannan hukumar NORLA, har zuwa kamfanin wallafa na NNPC a 1966. Tsarin da aka gada ke nan: marubuci ya kawo rubutu, kamfani ya zuba kuɗi ya ɗauki kasadar riba ko asara, marubuci kuma a riƙa yaga masa wani kaso daga abin da aka sayar.

Wannan hanya ta tsuke a shekarun 1980. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, takardar da ake shigowa da ita daga waje ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta, inda ciniki yake da tabbas. A daidai lokacin kuma yaran da shirin UPE na 1976 ya kai firamare sun girma, sun iya karatun boko da Hausa, suna neman abin karantawa. Sai matasan Kano suka daina jiran kowa. Suka rubuta, suka kai maɗaba'a da kuɗinsu, suka ɗauko suka kai kasuwa. A ƙungiyar marubuta ta Raina Kama aka sami irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar sunan Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya mata, aka yi ta fafatawa a shafukan jaridu. Littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito ta wannan hanya a 1990, shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012.

Saboda haka duk wanda ya ce wa sabon marubucin Hausa buga littafi da kuɗin kai faɗuwa ce, bai san tarihin gidansa ba. Amma a lura da abin da ya sa waɗancan suka ci nasara. Ba injin bugu ba ne, inji kowa na iya biya a kunna masa. Sun sami diloli a kasuwar Kano masu tura kaya Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, sun sami masu bayar da hayar littafi a unguwanni, suna tallata littattafan juna a bangon baya. Hanyar isa ga mai karatu ce jarinsu. Wannan hanya kuwa ta yi rauni ƙwarai tun da waya ta shiga hannun kowa.

Me kamfanin wallafa na gaskiya yake ba marubuci? Abu na farko edita, mutumin da ba ya jin kunyarka, wanda zai ce babi na uku bai da amfani, a cire. Sai tsara shafuka da zanen bango, sai rumbun ajiya da wakilan da ke yawo shagunan littattafai da makarantu. Kason marubuci yawanci bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, kuma daga karɓar rubutu zuwa fitowar littafi ana iya cin shekara ɗaya ko biyu. Wanda ke rubutu da Ingilishi yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa: Cassava Republic da aka kafa a Abuja a 2006, Farafina, Parrésia, Masobe. Parrésia ce ta buga Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim a 2015, shekara ta zagayo ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000. Mai rubuta ƙagaggen labari da Hausa kuwa ƙofofinsa 'yan kaɗan ne, sau da yawa ma gasa ce ke buɗe su. Ta gasar NNPC So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da sunayen mata marubuta da dama. Gaskiyar magana, ga yawancin marubutanmu ba zaɓi ba ne tsakanin hanyoyi biyu masu faɗi ɗaya. Ɗaya a buɗe take, ɗayar sai an yi sa'a.

To, idan ka zaɓi biya da kanka, ka sani ka zama kamfani, duk aikin da kamfani yake yi ya dawo wuyanka. A nan ne sababbin marubuta ke yin kuskuren lissafi. Mutum zai tara kuɗin bugu cif-cif, bai ware ko kwabo na gyara ba. Sai littafi ya fito da bango mai sheƙi, ciki kuwa an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa", an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, jaruma ta fara labari tana Zainab ta ƙare tana Zulai. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba kwalliya ba ne, malamin da zai yi tunanin sa littafinka a aji su zai fara dubawa. Kuɗin edita ya kamata a fara cirewa kafin kuɗin takarda. Kuma aminin da zai karanta ya ce "wallahi ya yi ma'ana" ba edita ba ne.

Sai batun yawan kwafi. Mai maɗaba'a zai gaya maka, kuma gaskiya ya faɗa, cewa kwafi 1,000 ya fi 200 sauƙi idan aka raba kuɗin a kan kowane ɗaya. Abin da ba zai tambaye ka ba shi ne wa zai saya. A ce ka buga kwafi 1,000, kowane kwafi ya tsaya maka a naira 1,000, ka sa masa farashin 2,000. Mai shago zai cire nasa, a ce 600, saura 1,400. Ke nan sai ka sayar da kwafi sama da 700 kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba a ma sa kuɗin mota da na kwafin da za ka raba wa surukai da malamai kyauta ba. Mai shagon kuma ba biya zai yi nan take ba, "ajiye, in an sayar ka zo" ne. Gidajen marubuta nawa ne ake da katan-katan na littafi a ƙarƙashin gado, gara na ci? Yanzu da ake da injinan da ke buga kwafi 50 ko 100, gara a fara da kaɗan ko da kowane ɗaya ya fi tsada, a ga yadda kasuwa za ta karɓa. Bikin ƙaddamarwa ma kada a gina lissafi a kansa: alƙawarin da babban mutum ya yi a gaban lasifika daban, abin da zai shiga asusu daban.

Sai kuma lambar ISBN: a Najeriya daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta wajabta wa mawallafi ya kai musu kwafi uku na abin da ya buga. Ƙaramin aiki ne, amma shi ke sa littafi ya shiga kundin ƙasa.

Akwai kuma kashi na uku, wanda a ganina ya fi sauran buƙatar a yi hattara da shi. Su ne masu kiran kansu kamfanin wallafa, su yaba rubutunka tun kafin su gama karantawa, sannan su turo maka lissafin kuɗi. Ba laifi ba ne mutum ya sayar da aikin gyara da tsarawa da bugu, sana'a ce, kuma akwai masu yin ta da amana. Laifin shi ne ya karɓi kuɗinka kamar ɗan kwangila, sannan ya riƙe haƙƙin littafin kamar shi ya zuba jari. Wanda ya riga ya ci ribarsa daga aljihunka, me zai sa ya sha rana yana neman masu saye? Idan kai ka biya, to kwafin duka naka ne, fayil ɗin da aka tsara naka ne, kuma kana da ikon kai shi wata maɗaba'a gobe. Idan su suka biya, sai a duba takardar yarjejeniya da kyau: shekara nawa za su riƙe littafin, yaushe za su riƙa kawo lissafin ciniki, haƙƙin zai dawo hannunka in sun daina bugawa? Wa ke da ikon fassara, wa ke da ikon mayar da shi fim ko karanta shi a rediyo da YouTube? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin littattafan Kano da yawa sun koma finafinai, In Da So Da Ƙauna na cikinsu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare marubuci, amma ba za ta ƙwato masa abin da ya sa hannu ya bayar da kansa ba.

Marubuta da yawa, musamman mata, yanzu sun tsallake takarda gaba ɗaya. Suna sakin labari babi-babi a Wattpad ko a zaurukan WhatsApp, a karanta farkon kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi. Ba kuɗin bugu, ba dila, sai dai mutum ɗaya ya saya ya tura wa ɗari. Dandalin ma ba ya dawwama: OkadaBooks, da marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen 2023. Duk da haka, ga sabon marubuci wannan hanya tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Tana nuna masa, kafin ya sayar da fili ko ya ci bashin adashi, ko akwai mutum 300 da suka damu da labarinsa har za su biya. Wanda ya tara irin waɗannan masu karatu, in ya je maɗaba'a ya san adadin da zai buga, in kuma kamfani ya nufa, ya je da abin da zai sa a saurare shi.