Ƙari A Jikin Murjani: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Kowa a ƙasar nan ya san murjani, jan abin adon nan da mata ke ɗaurawa a wuya da hannu. Amma ba kowa ya san asalinsa ƙashin wata dabbar teku ne ba. Murjanin ado yana da 'yan'uwa masu yawa, a cikinsu akwai masu gina duwatsu a ƙarƙashin ruwan teku mai ɗumi. Alhazanmu na dā, waɗanda su ka bi ta Sawakin zuwa Jidda, sun ga gidajen da a ka gina da irin wannan dutse. A kansa za mu yi magana yau.

Dabbar nan 'yar mitsitsiya ce, baki ne kawai da 'yan yatsu kewaye da shi, tana zaune cikin wani ɗan gurbi na alli wanda ita ta gina wa kanta. Dubbansu ke haɗuwa wuri ɗaya, wata siririyar fata ta game su. A cikin namansu akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ke yi musu abinci da hasken rana, ita ce kuma ke ba su yawancin launinsu.

A Turai da Amurka da Japan mutane da yawa suna kiwon murjani cikin akwatin gilashi, a gida ko a makaranta. Aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri, gama reshe ɗaya ya kan shekara bai ƙara tsawon da ya wuce tafin hannu ba. To, sai wata safiya mai kiwo ya tarar da wani dunƙule ya fito a jikin murjanin da ya yi shekaru yana reno. Nan da nan sai ya ce sankara ce, ya ɗauko abin yanka. In ya yi gaggawa ya lalata lafiyayyen abu, in kuma ya yi sakaci ƙarin ya danne abin da ke kewaye da shi. Yaya zai yi?

KUSKUREN MASANA

Kafin mu ba da amsa, bari mu ba da wani labari. A shekarar 1965 wani masani Ba'amurke, Donald Squires, ya ba da rahoton wani kumburi a jikin murjanin da a ka samo daga zurfin teku kusa da tsibiran Hawai, ya yi tambaya ko sankara ce. Sai a 1996 waɗansu masana biyu, Grygier da Cairns, su ka nuna cewa irin wannan kumburi ɗaki ne na wata ƙaramar halitta dangin ƙaguwa, wadda ke shiga ta zauna, murjani ya yi gini a kanta. Shekara 31 ke nan tsakani. In haka ta sami masu ilmi, ina ga mai kiwo a gida? Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka aikin fari shi ne a kawar da zargin baƙi. A sami gilashi mai ƙara girman abu, a duba dunƙulen da rana, a sake dubawa da dare da tocila. In an ga ƙaramar kafa a tsakiyarsa, lalle akwai mai ɗaki a ciki. Akwai wata 'yar ƙaguwa wadda macenta ke zama a tsakanin rassa, murjani ya yi ta girma har ya rufe ta kamar keji, sai 'yan kafofin da ruwa ke shiga su ka rage. Akwai tsutsotsi da dodon koɗi masu gina bututu, alamar na biyun ita ce zaren yauƙi da ya ke saki don kama abinci. A murjanin da a ke kira Porites kuma, a kan ga ƙuraje masu launin ruwan hoda. Wata tsutsa ce ke kawo su, ba ta kuwa cika rayuwarta sai wani kifi ya ci wurin.

Na biyu, a tuna murjani yana haifuwa ta hanyar toho. Waɗansu iri su kan fid da ɗan ƙwallo a jikinsu, in ya ƙosa ya faɗi ya zama sabon murjani. Wurin da ya karye ma, in yana warkewa, ya kan yi kauri. Na uku, a duba ko akwai ƙashi a ƙarƙashin kumburin. In nama ne kaɗai ya cika da ruwa, yana rangaji in ruwa ya kaɗa shi, wannan wani abu ne dabam.

ALAMUN ƘARI NA AINIHI

Ƙari na ainihi yana da tauri, domin ƙashin ne da kansa ya tashi. Launinsa ya kan koɗe ko ya yi fari, saboda gansakukar cikinsa ta ragu. Guraben dabbobin su kan yi ƙaranci, ko su karkace, ko su ɓace sarai. In an fasa shi, ƙashin ba shi da nauyi, duk kafofi ne kamar soso. Sau da yawa ya fi sauran jikin saurin girma, yana janye abinci daga lafiyayyen nama, ƙwan da murjanin ke yi kuma ya ragu a wurin.

Duk da haka ido ba ya yanke hukunci. Sai an gutsuro yanki an sa a fomalin, an narkar da allin, an yanka naman siriri an duba da madubin likita. Ta haka Esther Peters da abokan aikinta su ka tabbatar da ƙari irin na sankara a wani murjani na gaɓar Filorida a 1986. Amma da yawa daga cikin waɗanda a ka duba, yawan girma ne kawai na nama, shi ya sa masana yanzu ba su saurin kiran sunan sankara.

ABIN DA MAI KIWO ZAI YI

Mu dai shawararmu ita ce a fara da littafi da alƙalami. A ɗauki hoto da ma'auni a gefe, a rubuta kwanan wata, a maimaita kowane mako daga wuri ɗaya. Sa'an nan a auna ruwa. Zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, gishiri giram 35 a lita, kalsiyam kuwa miligiram 400 zuwa 450 a lita. A tambayi kai, me ya sake kwanan nan? Sabuwar fitila, ko sabon gishiri, ko sabon murjani? In za a gyara, a gyara abu ɗaya a jira, gama wanda ya sake abu biyar rana ɗaya ba zai san wanne ya yi magani ba.

In ƙarin ya tabbata yana kuma yaɗuwa, a ware murjanin a akwati dabam, domin a 2007 wani gwaji a Filifin ya nuna yana iya ƙetarawa daga wani Porites zuwa wani. Sa'an nan a yanke shi, a haɗa da ɗan lafiyayyen wuri. A 2013 an ba da rahoton gwajin haka a tsibirin Palmira: a murjani mai rassa yawanci bai dawo ba, amma a mai shimfiɗa kan dutse ya sake fitowa. Don haka a ci gaba da duba wurin wata da watanni, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Game da mafarin ciwon, masana ba su tsaya kan dalili ɗaya ba. Amma wani babban bincike na 2011 ya nuna cewa a Porites, ƙarin ya fi yawa a gaɓar da mutane su ka yi yawa. Watau ke nan abin da mu ke zubawa a teku yana da hannu a ciki. Duwatsun murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in ire-iren halittun teku a nan su ke fakewa. Mai kiwon da ya duba da kyau, ya auna, ya rubuta, ya kai littafinsa ga masana, ya ceci abinsa, ya kuma taimaki masu kama kifi da ba zai taɓa gani ba. Allah ya ƙara mana sani.