Dam Ɗin Ƙasa: Yadda Yake Ɓallewa Da Yadda Wayar Hannu Za Ta Taimaka Kafin Hakan Ta Faru

A yankin Kebbe da Tambuwal da ke kudancin jihar Sakkwato, damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Duk mai son noman albasa, shinkafa ko tumatir da rani, dole ya dogara da fadama, rijiyar burtsatse ko ruwan da aka tare. Shi ya sa dam ɗin ƙasa, irin na Shagari da ke maƙwabtaka da Tambuwal, yake da daraja wajen manoma, makiyaya da masunta. Sai dai ruwan da ke ciyar da gari da rani shi ne kuma zai iya cinye garin a dare ɗaya cikin watan Agusta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dam ɗin ƙasa yakan nuna alamu kafin ya ɓalle, kuma wayar da ke aljihun matashi ta isa ta kama waɗannan alamun.

Mene ne dam ɗin ƙasa?

Ganuwa ce da ake ginawa da ƙasa a tare hanyar ruwa. Ana zuba ƙasar hawa-hawa, ana danne ta da manyan motoci har ta kama jikinta. A tsakiyar ganuwar ana sa yumɓu don ya hana ruwa ratsawa, a fuskar da ke kallon ruwa a jera duwatsu don kada igiyar ruwa ta riƙa zaizaye ta. A gefe kuma ana barin mafitar rarar ruwa, wato hanyar da ruwa zai bi ya wuce idan dam ya cika.

Nauyin da ganuwar ke riƙewa ba wasa ba ne. Mita kubik ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, wato jarka 40 mai lita 25, kuma nauyinsa tan ɗaya. Dam ɗin Goronyo da ke kan Gulbin Rima an gina shi ne don ya ɗauki mita kubik miliyan 942, na Bakolori kuma miliyan 450. Ƙaramin dam na ƙauye bai kai ko kusa da haka ba, amma ko mita kubik miliyan ɗaya ya tara, tan miliyan ɗaya ke nan a saman gidajen da ke gangare.

Hanyoyi biyu da yake ɓallewa

Ta farko ita ce ruwa ya haura kan ganuwa. Dam ɗin kankare yana iya jure wannan na ɗan lokaci, na ƙasa kuwa ba ya jurewa. Da zarar ruwa ya fara bin samansa, sai ya riƙa yankar ƙasar kamar yadda yake yankar kwari, cikin 'yan sa'o'i ya buɗe ƙofa. Yawanci hakan na faruwa ne idan mafitar rarar ruwa ta toshe da ciyawa da shara, ko yashi da laka sun cike cikin dam ɗin har ba ya da wurin karɓar sabon ruwa.

Ta biyu ta fi haɗari domin a ɓoye take. Ruwa yakan sami 'yar kafa a cikin ganuwa, ta ramin gara, ramin gafiya ko gurbin saiwar bishiyar da ta ruɓe. Yana bi yana kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan, kafar tana faɗaɗa, har ta zama kamar bututu a cikin ganuwar. Daga waje komai lafiya, ciki kuwa ya rarake.

Arewa ta ɗanɗana wannan masifa. Dam ɗin Bagauda a Kano ya ɓalle a watan Agustan 1988. A Satumbar 2010 ruwan Goronyo ya shafe ƙauyuka da gonaki a jihar Sakkwato. A daren 9 zuwa 10 ga Satumbar 2024 kuma, dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri.

Wa ke da alhakin kula da shi?

Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Manyan dam-dam na wannan yanki, irin su Goronyo da Bakolori, suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda hedikwatarta ke Sakkwato. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet tana fitar da na damina, NEMA da SEMA kuma su ne masu kai agaji.

A ma'aunin ƙasa da ƙasa, dam ɗin da tsayinsa ya kai mita 15 shi ake lissafawa a matsayin babba, kuma irinsa ne ake sa wa na'urorin auna matsin ruwa a cikin ganuwa. Ƙananan da ake ginawa a karkara sau da yawa ba su da irin waɗannan na'urori, ba su da ma'aikaci na dindindin. Idon mutanen gari shi ne na'urarsu.

Abin da waya za ta iya yi

Na farko, hoton mako-mako. A zaɓi wuri uku: saman ganuwa, gindinta ta ɓangaren da babu ruwa, da mafitar rarar ruwa. A riƙa ɗaukar hoto daga wuri ɗaya duk mako, bayan an kunna alamar wuri a saitin kyamara don hoton ya riƙe rana da inda aka ɗauke shi. Idan akwai tsagewa, a ajiye takalmi ko biro kusa da ita don a gane girmanta.

Na biyu, a san abin da ake nema: tsagewa mai tsawo a saman ganuwa, wurin da ƙasa ta lotsa, ɓangaren da ya zame ƙasa, ciyawar da ta yi kore shar a wuri guda alhali kewayenta a bushe, da ruwan da ke juyawa kamar ana tsotse shi kusa da ganuwa. Mafi muhimmanci shi ne launin ruwan da ke tsattsafowa a gindi. Idan garau yake kuma bai ƙaru ba, wannan ba baƙon abu ba ne a dam ɗin ƙasa. Idan ya fito da laka, to ganuwar yake ɗebowa. A ɗiba a gorar roba mai haske, a bar shi ya kwanta, a ɗauki hoton lakar da ta taru.

Na uku, manhajar Google Earth tana nuna tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam, ana iya kwatanta faɗin ruwa da yawan bishiyoyin da ke kan ganuwa tsakanin shekaru. Shafin Flood Hub na Google kuma yana hasashen cikar koguna har zuwa kwana 7. Amma koguna yake dubawa, ba ya ganin ramin gara a jikin dam.

Na huɗu, wajen turawa. WhatsApp yana matse hoto ya goge bayanan rana da wuri idan aka tura shi kai tsaye. A tura shi a matsayin fayil, sai ya isa yadda yake.

Ina za a kai rahoto?

A fara da mai unguwa, hakimi da uban ƙasa, sannan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da ofishin da ke kula da dam ɗin. Rahoton da ke ɗauke da hotunan mako huɗu a jere ya fi wahalar watsarwa a kan maganar baki. A guji ɗora tsohon bidiyon wani gari a Facebook da sunan dam ɗin gida, domin idan aka saba jin ƙarya, ranar gaskiya ba wanda zai gudu.

Idan kuwa ruwa mai laka yana ƙaruwa, ko ya kusa taɓa saman ganuwa, lokacin hoto ya wuce. A sauka daga kan ganuwar, a sanar da mutanen gangare ta waya da lasifikar masallaci, a kira 112, a kwashe yara da tsofaffi zuwa kan tudu tun da sauran haske.